Wa ke biyan kuɗin fito, mai kawo kaya ko mai saye?

Ɗalibin Dare

Assalamu alaikum jama'a. Gardama na kawo a raba mana, ni da yayana. Mun daɗe muna kanta, har ta kai in matarsa ta ga mun ja kujeru sai ta kwashe yara ta bar mana wurin.

Da rana lissafin kaya nake yi a wani sito, da dare kuma ina karatun tattalin arziki ta intanet. Darasin da ya fara zama a kaina shi ne na David Ricardo, masanin tattalin arziki na Ingila, wanda ya rubuta tun 1817: kowace ƙasa ta riƙe abin da ya fi mata sauƙin yi, sauran ta saya a hannun wasu, kowa ya fita da riba. Ni da tela nake gane shi. Tela ya fi yaronsa iya yanka, ya kuma fi shi iya guga, amma ba zai ajiye almakashi ya ɗauki dutsen guga ba, don lokacin da zai ɓata wajen goge riga ɗaya ya ishe shi ya yanka biyu. In ya bar wa yaro guga, shago ya fi fitar da aiki, yaron ma ya sami na kansa. Na juya hujjar nan ta ko'ina ban ga inda take yoyo ba.

Yaya kuwa mai walda ne, kuma ko kalma ɗaya bai yarda da ita ba. Cewa yake duk ƙasar da ta wangale ƙofarta, 'ya'yanta a dako da tallan kayan wasu za su ƙare. Maganinsa guda ne: a lafta wa kayan waje haraji mai nauyi, masu kawowa su biya, gwamnati ta sami kuɗi, masana'antun gida su farfaɗo. Da dariya nake masa. Sai ranar 2 ga Afrilun 2025 Donald Trump ya fito riƙe da allonsa, ya ce harajin kayan da kusan kowace ƙasa ke kai wa Amurka kashi 10 cikin 100 ne mafi ƙaranci. Lesotho, 'yar ƙaramar ƙasar da ke ɗinka wa Amurkawa wandunan jins, aka rubuta mata 50, kafin a yi kwana goma na Sin ya kai 145. Yaya bai ɓata lokaci ba ya kira ni: "To ɗan boko, waɗanda suka rubuta muku littafin ga su can suna yaga shi." Na ce ai halin mutum ɗaya ne. Ya ce to Biden fa, da ya tarar da harajin da Trump ya sa wa Sin a zuwansa na farko bai cire ba, a 2024 ma ya ɗaga na motocinsu masu lantarki zuwa kashi 100? Ashe yana sauraron rediyo fiye da yadda nake zato. Na yi tsit.

Abin da nake so masana su warware mini ke nan: harajin nan, a ƙarshe daga aljihun wa yake fita? Sannan buɗe kasuwannin da aka kwashe shekaru ana yi, talaka ya gani a jikinsa ko a takardun Bankin Duniya kawai abin ya tsaya? Wanda zai goyi bayan Yaya ya goya, na yi alƙawarin karanta masa duka ba tare da tsallake ba.

Tsohon Ejan

Wa alaikumus salam. Ɗana, tambayarka ta farko ba ta buƙatar jami'a. Shekara ashirin da shida na yi ina fitar wa mutane kaya daga tashar jiragen ruwa, ban taɓa ganin takardar kuɗin fito ɗauke da sunan masana'antar da ta ƙera kayan ba. Sunan wanda ya yi oda ne a kai. Kwantena ba ta motsi sai ya biya, in ya yi jinkiri kuma kuɗin ajiya na hawa kullum. Da ya biya sai ya zuba a cikin kuɗin kayansa. Ɗan sari ya saya a hannunsa, ya ɗora ribarsa a kan jimilla, har da harajin a ciki. Mai kiri ma haka. Kafin abin ya iso hannun mai saye, harajin ya haihu.

Akwai lokacin da na waje kan ɗauki wani kaso. In ba shi da inda zai kai kayansa sai wurinka, yakan rage farashi don kada ya rasa ka. Amma da masana suka bi diddigin harajin da Amurka ta sa a 2018 da 2019, sun tarar kusan duka a kan kamfanonin Amurka da masu sayenta ya faɗa.

Karanta wa yayanka labarin injin wanki. A Janairun 2018 aka sa wa injinan wanki na waje kashi 20 a kan guda miliyan 1.2 na farko, abin da ya haura nan kashi 50. Farashi ya tashi da kusan kashi 12, kuma ba na waje kaɗai ba, har na gida, don mai ƙerawa a gida da ya ga abokin gasarsa ya yi tsada, shi ma ba waliyyi ba ne. Abin da ya fi ba ni dariya, injin busar da tufafi da ba a sa wa ko anini ba, shi ma ya tashi da kusan haka, saboda tare ake sayensu. Gaskiya ne Samsung da LG sun kafa masana'antu a Amurka, an sami guraben aiki wajen 1,800. Sai dai abin da masu saye suka ƙara biya ya kai dala biliyan 1.5 a shekara, in ka raba, kowane aiki guda ya tashi a kan sama da dala 800,000. Abin da gwamnati ta tara daga harajin kuwa bai kai miliyan 100 ba. Da an tara mutanen nan an ce kowa ya zauna gida a riƙa ba shi albashi, da an yi araha.

A watan Maris na shekarar aka sa wa ƙarfe kashi 25, wannan kuwa sana'ar yayanka ce. Mai narka ƙarfe ya ji daɗi. Mai saye ya lanƙwasa ya yi ƙofa ko ƙusa ko jikin mota fa? Su sun ninka masu narkawa yawa nesa ba kusa ba, kuma kayan aikinsu ne ya yi tsada. Tambaye shi, in rodi da wayar walda suka tashi gobe, shi aka kare ko shi aka yanka? Sannan wanda ka mara ba ya naɗe hannu. Sin ta rama da kashi 25 a kan waken soya, ta koma saye a Burazil, gwamnatin Amurka ta shiga shelar tallafi ga manomanta, biliyan 12 a 2018, biliyan 16 a 2019.

Na ƙarshe shi ne wanda idona ya gani. Duk sanda haraji ya wuce hankali, kaya ba sa daina shigowa, suna kawai suke canzawa. Sabo ya koma na hannu. Inji cikakke a kwance shi ya shigo da sunan kayan gyara. Odar dubu ɗari a rubuta dubu talatin. Mai gaskiyar da ya ƙi wannan wasa shi ake kora daga kasuwa. Bari in tsaya nan kada bakina ya ja mini.

Malama Mai Alli

Baba Ejan, ban da ja a kan wanda ke biya, mai saye ne. Amma kuɗin makaranta ma uba ke biya, ba wanda ya kira shi asara don haka. Sai an duba abin da aka saya da kuɗin.

Tarihi nake koyarwa, kuma abin da ke ba ni haushi da darussan da ƙanena Ɗalibin Dare ke karantawa shi ne daga tsakiya suke fara labari. Ingila da ake kira uwar ciniki ba shinge, a 1700 da 1721 dokoki ta yi na toshe yadin auduga mai zane na Indiya, don masu ulu da silikinta sun kasa karawa da shi. Ta biyun har sa shi a jiki ta haramta. A bayan wannan katanga masaƙun auduga na Lankasha suka yi ƙarfi. Sai ga wata katangar iri dabam a 1815, lokacin da masu gonaki da suka cika majalisa suka hana shigo da alkama sai ta gida ta kai sule 80 a kan ma'auninsu na kwata. Wannan kam talaka aka yi wa, burodi ya yi tsada don masu ƙasa su ci riba. Su wa suka yaƙe ta? Masu masana'antun Manchesta, su Richard Cobden da John Bright, waɗanda suka kafa ƙungiya a 1838. Ba tausayi zalla ba ne, suna so abinci ya yi sauƙi ga ma'aikatansu, suna kuma so ƙasashen da ke sayar da hatsi su sami kuɗin sayen yadinsu. Firayim Minista Robert Peel ya soke dokar a 1846, ana tsakiyar yunwar da cutar dankali ta jawo a Ailan, abin da ya tsaga jam'iyyarsa ya kuma raba shi da kujerarsa. A lokacin da Ingila ta buɗe ƙofa, babu mai iya gasa da injinanta a duniya.

Amurka ma haka. Alexander Hamilton, sakataren baitulmalinta na farko, tun 1791 ya kai wa majalisa rahoton a tallafi masana'antu masu tasowa. Bayan yaƙin basasarsu harajinsu ya daɗe tsakanin kashi 40 da 50 a kan kayan da ake karɓa wa haraji, kuma a cikin wannan zamani suka wuce Ingila a ƙere-ƙere. Ba zan ce harajin ne ya yi duka ba. Suna da ƙasa, da kwal, da miliyoyin baƙi masu shigowa da ƙarfinsu, ga katafariyar kasuwar cikin gida da babu kwastam tsakanin jiha da jiha, wanda shi kansa ciniki ne ba shinge. Amma wanda ya ce da buɗaɗɗiyar ƙofa suka tashi, bai karanta ba.

Inda nake so a tsaya a duba da kyau shi ne Koriya ta Kudu da Indiya, don su biyun duk sun gina katanga. Koriya a 1960 tana cikin matalautan ƙasashen duniya. Park Chung-hee, sojan da ya ƙwace mulki a 1961 (ba yabonsa nake ba, ya ɗaure mutane, ya danne ƙungiyoyin ƙwadago), ya kare kamfanonin gida ya kuma ba su bashi mai sauƙi. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Askin shi ne ka sayar a waje. Duk wata akan yi taron fitar da kaya, shi da kansa yana zaune, wanda ya cika abin da aka yanka masa a ƙara masa bashi, wanda ya gaza a janye masa. Hikimar ita ce, a gida kana iya tilasta wa mutanenka sayen tarkace tunda ba su da zaɓi, amma Bajamushe ko Ba'amurke ba ka da yadda za ka tilasta shi, sai kayanka sun yi kyau. A 1964 abin da suka fitar dala miliyan 100 ne, a 1977 ya kai biliyan 10. Da suka ce za su kafa masana'antar ƙarfe, Bankin Duniya bai ga alamar riba ba. Suka kafa POSCO a 1968, ta fara narka ƙarfe a 1973. Samsung da Baba Ejan ya ambata, a 1938 busasshen kifi da kayan lambu yake sayarwa.

Ƙanena, ka ga inda telanka ke yoyo? Lissafin daidai ne na yau. Amma in aka bi shi kullum, yaron zai tsufa a kan dutsen guga. Sai wani ya yarda ya ɓata yadi biyar yana koyon yanka.

Indiya kuwa katangar ta gina ba sharaɗi. Motar Ambassador, zanen Ingila na shekarun 1950, aka yi ta ƙerawa daga 1958 har 2014 kusan yadda take, mutum ya yi shekaru a layi yana jiran babur. A 1991 kuɗin wajensu ya rage na 'yan makonni, har zinarin ƙasa aka ɗora a jirgi aka kai jingina, sannan Manmohan Singh yana ministan kuɗi ya fara sare harajin. Burazil ta yi doka a 1984 ta keɓe kasuwar ƙananan kwamfutoci ga kamfanonin gida. Abin da aka samu kwamfuta mai tsada, mai bin baya, da fasa-ƙwauri ta Faragwai, a 1992 aka watsar. Goyo ba laifi ba ne. Ɗan da ya yi gemu a bayan uwarsa, shi ne abin tsoro, kuma in an ƙirga, irinsa sun fi irin Koriya yawa.

Ɗan Masaƙa

Na karanta ku duka, kowa ya iya magana. Ni ban da alƙaluma da yawa. Shekara goma sha tara na yi a kan injin saƙa. A farkon 2005 aka cire ƙa'idar da ke iyakance yawan tufafin da kowace ƙasa za ta kai kasuwannin Turai da Amurka, wadda aka yi ta aiki da ita tun 1974. Bayan nan odarmu ta riƙa raguwa, aka soke aikin dare, aka koma kwana uku a mako, wata safiya muka tarar da kwaɗo a ƙofa da takarda manne.

Baba Ejan ya ce kowane aiki ya ci dala 800,000. Na yarda. Amma ba wanda ya taɓa yi mana lissafin abin da rufe masaƙa ke ci. Ba mu kaɗai muka tafi ba. Mai abincin bakin ƙofa ta tafi, mai hayar ɗakuna ya rasa 'yan haya, mai gyaran keke ya naɗe kayansa. Na san waɗanda aurensu ya mutu a shekarar. Riga ta yi araha, wallahi ta yi, amma araha ga mai albashi take. An ce za a koya mana wata sana'a. Mutum mai shekara arba'in da bakwai, da 'ya'ya a makaranta, aka ba shi sati uku a gaban kwamfuta da takardar shaida.

A Amurka ma abin da ya faru ke nan, shi ya sa ban yi mamakin ƙuri'un da suka ba Trump ba. Sin ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a Disambar 2001. Ma'aikatan masana'antun Amurka daga wajen miliyan 17 a 2000 suka dawo ƙasa da miliyan 12 a 2010. Masu bincike sun ce kusan miliyan guda daga ciki gasar Sin ce kai tsaye, kuma garuruwan kujeru da tufafi da abin ya faɗa wa, shekara goma bayan nan ba su miƙe ba. Littafi ya ce ma'aikaci zai tashi ya koma inda aiki yake. Mutum ba kwantena ba ne, yana da tsohuwa a gida.

Don gaskiya, ba zan ɗora wa 'yan waje duka ba. Injinanmu sun tsufa, masu kamfanin sun ci shekarun kariya ba su sayi sabo ko ɗaya ba. Kuma na shiga wata masaƙar zamani daga baya, na ga mutum ɗaya yana kula da layin da mu goma muke tsayawa a kai. Ko an rufe ƙofa ruf, aikina ba zai dawo yadda na san shi ba. Abin da ke ci mini rai kawai shi ne a ce ƙasa ta ci riba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maman Biyar

Allah ya musanya maka da mafi alheri, Malam Ɗan Masaƙa. Maganarka ta taɓa ni. Amma bari in yi magana a madadin waɗanda ba su da ƙungiya, wato mu masu saye. Yara biyar nake sa wa sutura da takalmi, kowane ƙafarsa na girma duk shekara. In aka ɗora wa takalmi haraji, attajiri ba zai ma sani ba, ni ce zan ce wa na tsakiya ya haƙura da na yayansa. Wani abin takaicin, harajin kan fi nauyi a kan kayan talaka. A jadawalin kwastam na Amurka, rigar sanyi ta zaren roba kashi 32 ce, ta ulu 16, ta kashmiya da masu kuɗi ke sawa kashi 4.

Sannan rigar da ta rufe masaƙarku wani ne ya ɗinka ta. A Bangaladash mutum wajen miliyan 4 ke aikin ɗinki, mata ne suka fi yawa, kuma tufafi ne sama da kashi 80 na abin da ƙasar ke fitarwa. Yarinyar da da za a aurar tana ƙarama tana karɓar albashi da hannunta. Ban manta da Rana Plaza ba, ginin masana'antun ɗinki na can da ya rufta a Afrilun 2013 ya kashe mutum 1,134, bayan an ga tsaga a bango an kuma ce su shiga. Arahar da nake murna da ita akwai jini a cikinta, na sani. Amma matan can gyara suka nema, ba su ce a daina sayen kayansu ba.

Ɗalibin Dare, amsar tambayarka ta biyu: talaka ya gani, sai dai ba kowane talaka ba. A 1990 sama da kashi 35 na mutanen duniya na cikin matsanancin talauci, a 2019 an dawo ƙasa da kashi 10. Sin kaɗai wajen mutum miliyan 800 ta fitar cikin shekara arba'in. Ba ciniki ne ya fara ba, barin manoma su sayar da rarar amfaninsu ne bayan 1978, amma ba don masana'antun birane irin su Shenzhen da ke sayar wa duniya ba, da abin bai kai haka ba.

Malama Mai Alli

Maman Biyar, ƙara Haiti a lissafin. A 1995 aka matsa mata ta sauke harajin shinkafa zuwa kashi 3. Shinkafar Amurka, wadda gwamnati ke tallafa wa manomanta, ta cika kasuwa, manoman Haiti suka bar gona suka cika birni. Bill Clinton da kansa ya faɗa a gaban kwamitin majalisar dattawa a 2010 cewa kuskure ne, manoman jiharsa ta Akansas ne suka amfana. Haka Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali suka kai kukan tallafin da manyan ƙasashe ke ba manoman audugarsu taron Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a Kankun a 2003. A ce maka ka buɗe, mai faɗa maka yana zuba wa nasa manomi kuɗi, ai kashin dankali ke nan.

Ɗalibin Dare

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na cika alƙawari, jiya na karanta wa Yaya duka.

Da na zo kan rodi da wayar walda sai ya yi shiru, ya ce a maimaita. Daga nan ya ce to a sa wa ƙofar da aka ƙera a waje, a bar ɗanyen ƙarfe ya shigo kyauta. Na ce mai narka ƙarfe ma yayan wani ne, shi ma abin da zai ce ke nan a kan nasa. Ya ce wannan kuma ruwansa. Mun yi dariya, amma ina ga duk rigimar a nan take.

Ni ma ban fita lafiya ba. Maganar Malama a kan yaron tela ta hana ni barci, don ni ne yaron, shekara bakwai ina ƙirga kwalaye a sito. Na Malam Ɗan Masaƙa kuwa, a littafinmu layi ɗaya aka ba shi, cewa waɗanda suka ci riba za su iya biyan waɗanda suka yi asara. Za su iya. Ban ga shafin da aka ce sun biya ba.

Na so in rama da labarin 1930, lokacin da shugaban Amurka Herbert Hoover ya sa hannu a dokar Smoot-Hawley da ta ɗaga harajin kaya sama da 20,000, duk da masana tattalin arziki fiye da dubu sun rubuta masa kada ya sa. Kanada da wasu suka rama, cinikin duniya ya faɗi da kusan kashi biyu cikin uku zuwa 1934, ko da yake karayar tattalin arzikin zamanin ce ta ɗauki kaso mafi girma. Zafin wannan ne ya sa ƙasashe 23 suka haɗu a Jeneba a 1947 suka fara sassauta wa juna. Yaya ya ce ya ji, amma shi Koriya yake so.

To ga sabuwar tambayarsa, kuma ni ma tawa ce: in za a yi goyon, wa zai yi yayen? Baba Ejan, a shekarunka ka taɓa ganin harajin da aka sa na ɗan lokaci, lokacin ya cika aka cire?

Tsohon Ejan

Akan cire, ɗana. Na injin wankin ma ya ƙare a 2023. Amma wanda ya sami mai cin moriyarsa mai ƙarfi, cire shi sai an sha wuya, don mai amfana ya san ko nawa yake samu kuma ya san ofishin da zai je, mai biya kuwa bai ma san yana biya ba.

Ka ji wannan. A farkon shekarun 1960 Turai ta ɗora wa kajin Amurka haraji. Shugaban Amurka Lyndon Johnson ya rama, daga 1964 aka sa kashi 25 a kan wasu kaya, ciki har da ƙananan motocin ɗaukar kaya, don a ƙuntata wa Volkswagen. Rigimar kaji ta wuce, waɗanda suka yi ta sun mutu, sauran kayan an cire musu, na motocin yana nan sama da shekara 60, har yau harajin kaza suke ce masa. Kamfanin Ford kansa, wanda aka yi katangar don irinsa, da ya tashi shigo da motocinsa na kaya daga Turkiyya sai ya riƙa sa musu kujerun baya su shigo a matsayin motar fasinja a biya kashi 2.5, da sun wuce kwastam a kwance kujerun. A 2024 ya amince ya biya gwamnati dala miliyan 365 a kashe maganar.

Ka gaishe mini da yayanka. Ka ce masa kafin ya nemi a sa wa ƙofar waje haraji, ya fara rubuta ranar da zai yarda a cire, ya sa hannu, ka ajiye takardar a wurinka.